Waiwaye Adon Tafiya: Dogon Hutu da Sana'o'in Hannu a Ƙauyukan Arewacin Kano



Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san babu ranar da ta kai ranar ba da dogon hutu farin jini. A ƙasar Turawan da muka gaji tsarin makaranta daga wurinsu, wannan hutu yakan faɗo ne a lokacin zafinsu, sa'ad da mutane suke ajiye aiki su tafi bakin teku shan iska. Mu kuwa a nan, daga Yuli zuwa Satumba tsakiyar damina ke nan. Ɗalibin da ya fito daga Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir ko Dawakin Tofa ya san kafin ya gama gaisawa da mutanen gida an riga an nuna masa inda fartanyarsa take rataye.

Amma abin mamaki, in tsofaffin ɗalibai suka haɗu a wurin ɗaurin aure ko suna aka ɗauko hirar da, ba ka jin mai kukan wahalar noman nan. Sai dai ka ji ana tuna tumu da gasasshiyar masara, da shanun laka, da hular da wani ya kwashe hutu guda yana ɗinkawa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi sawun waɗannan ƙananan abubuwa mu ga inda suka fito. Abin da tarihi ya nuna shi ne, abubuwan da muka ɗauka wasa ne kawai su ne aji ɗaya na wata makaranta da ta girmi tamu da ɗaruruwan shekaru, kuma ɗaliban wannan makaranta ne suka kai sunan Kano har bakin Bahar Rum.

Ƙasar da ba ta hutu

Kafin a fahimci wasan yaran wuri, sai an fahimci ƙasar da suka tashi a kanta. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. In ka fita ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa ka nufi arewa, gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi bincike a gundumar Ungogo a shekarun 1960. Ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara, ba a barin saura. Abin da ya hana ta gajiya shi ne taki: na awaki da tumakin da ake ɗaurewa a turke duk damina, da tokar murhu, da sharar birni wadda jakuna suke ɗaukowa bayan sun kai itace an sayar. Itatuwan da ke cikin gonakin ma, irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya, kowanne da mai shi, kuma kowanne da amfaninsa.

Sai dai ruwan sama na wata huɗu ne ko biyar, gonakin kuma ƙanana ne saboda rabon gado. Abin da magidanci ya noma ba kullum yake kai shi wata kaka ba. Saboda haka tun zamanin kakanni da wuya ka sami gidan da ya dogara ga noma shi kaɗai. Kowane manomi yana da sana'ar da yake komawa in an gama girbi: wannan masaƙi ne, wancan maƙeri, wani baduku, wani kuma yana tufka ko sassaƙa ko saƙar zana. Mata a cikin gida suna kaɗi da saƙar faifai da yin daddawa da ƙuliƙuli. Wannan larura ce ta haifi al'adar da muka tarar, wato ba a son a ga hannun yaro a sake. Shi ya sa ake cewa da zaman banza gara aikin kishiya.

Abin da baƙo ya gani a 1851

A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa saƙaƙƙen tufa da rinannen da Kano take fitarwa a shekara bai kasa na wuri miliyan 300 ba, kuma ana kai shi Timbuktu da Ghat da Murzuk har zuwa Tarabulus. Ya kuma lura da cewa a Turai ta zamaninsa ana tara ma'aikata ne a manyan masana'antu, amma a ƙasar Kano aikin yana cikin gidaje, iyali suna yin sa ba tare da sun rabu da juna ba.

Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce wurin cinikin, amma kaso mai yawa na aikin a ƙauye ake yin sa. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari ta zama zare. Masaƙi ya yi wadari ya saƙa sawaye 'yan sirara, maɗinki ya harhaɗa su, marini ya tsoma a karofi da baba, sannan mabugi ya buge har tufar ta riƙa ɗaukar ido. Garin Kura da ke kudu ya yi suna a rini da bugu, Minjibir da ke arewa kuma ta yi suna a saƙa. Haka zalika jar fatar akuyar da majemanmu suka jeme ana ƙetare Hamada da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko domin ta can take isa gare su.

Tambaya a nan ita ce, ina waɗannan dubban masu sana'a suka yi karatunsu? Ba su da aji, ba su da jarrabawa. Yaro yana tasowa ne a gindin masaƙar ubansa yana wasa da ragowar zare, yarinya kuma tana zaune kusa da kakarta tana kwaikwayon murza mazari. Ba a san ranar da wasa ya ƙare aiki ya fara ba. Mu da muka yi makaranta daga shekarun 1960 zuwa 1980, wutsiyar wannan tsari muka tarar, kuma a lokacin hutu ne muke komawa cikinsa.

Yadda wasa yake zama sana'a

Ranar hutu a damina tana da tsarinta. Da safe kowa yana gandu, wato gonar gida, ana noman firi ko maimai har zuwa azahar. Da yamma saurayi ya koma gayaunarsa, inda abin da ya noma nasa ne, kuma da yawanmu da kuɗin gyaɗar gayauna muka sayi takalmin komawa makaranta. Wani lokaci a kira gayya, samarin gari su haɗu a gonar mutum ɗaya, makaɗa na biye da su suna zuga wanda ya fi cin kunya, mai gona kuma ya tanadi fura da tuwo. Wanda ya taɓa noman gayya ya san gajiya ba ta zuwa sai ganga ta yi shiru.

Amma in marka ta kankama a watan Agusta, ruwa ya wuni yana tsiyaya ba halin fita, sai zaure ya zama ɗakin sana'a. Dattijo ya ɗauko rama yana tufka igiya a cinyarsa. Wani ya jiƙa kaba yana saƙar malafa ko tabarma. Samari kuma kowa da hularsa a hannu, an zana mata fasali, ana bi da allura ɗinki bayan ɗinki. Hular kirki takan ci makonni, kuma wanda ya taɓa warware aikin kwana uku saboda ya kuskure gida ɗaya ya koyi haƙurin da babu littafin da zai koya masa.

Da ruwa ya ɗauke, ƙananan yara sai bakin kududdufi. A kwaɓa laka a gina sa mai tozo da ƙaho, da doki da sirdinsa, da raƙumi, a shanya su a kan katanga. 'Yan mata su gina 'yan tukwane da murhu su yi tuwon ƙasa, su yi wa 'yartsana kitso da lalle. Wannan hannun da ya iya daidaita ƙahon san laka shi ne gobe zai iya ginin tulu ko yaɓen rumbu. In kuma kaka ta yi aka sare dawa, lokacin hutun Disamba ke nan, sai kara ya samu. Da ɓawon kara da tototuwarsa ake ƙera mota mai taya huɗu da ƙofa mai buɗewa, da kejin tsuntsu mai hawa biyu, da tabarau, da sarewa. Daga baya da gwangwanin madara da waya suka yawaita, sai motar ta koma ta langalanga, har da sitiyari mai tsawo wanda direba yake riƙewa yana tafe. Babu ƙusa, babu zane a takarda, amma yaro ya san in gatarin taya bai miƙe ba mota ba za ta tafi ba. Malamanmu na lissafi da kimiyya za su shaida cewa irin waɗannan yara ba su cika shan wahala a darasin awo da siffofi ba.

A cikin gida kuwa, 'yan mata suna koyon saƙar faifai da kabar da aka rina da karan dafi, da zanen ƙwarya, da jeren ɗaki. In za a kawo amarya, mata su taru su yi daɓe, suna buga ƙasa da madaɓi suna waƙa, a yayyafa makubar ɗorawa har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. 'Yan'uwanmu mata da suka shiga makarantun kwana sun ƙara da saƙar kwarashi da ɗinkin zanen gado, suka kai wa ƙannensu a ƙauye.

Daɗin da ba a saye da kuɗi

Damina lokacin ƙarancin hatsi ce a rumbu, amma Allah ya sa ita ce mai yawan abin taɓawa. Ga kwaɗon rama da na zogale da tafasa. Ga yalo da gauta da gurji a gefen gona. In aka yi ruwan dare, shinge ya fito, yara su kewaye fitila da ƙwarya da ruwa, gobe a soya. Zuwa ƙarshen hutu gero ya nuna, a karyo zangarniya a babbaka ta a wuta a murje, wannan shi ne tumu, wanda har yau babu ɗan ƙauyen da zai ji ƙanshinsa bai tuna gidan ubansa ba. Sai dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, da ɗinya wadda take bar wa mai shan ta shaida a haƙora.

Da dare in akwai farin wata, dandali ya cika. 'Yan mata suna gaɗa, maza suna langa da kokawa, dattawa kuma da rana sun riga sun sha dara a gindin bishiya. In babu wata, sai a koma ɗakin tsohuwa a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici. In kuma azumi ya faɗo cikin hutu, daga goma ga wata sai tashe, inda yara suke haɗa gemun auduga da rawanin tsumma su kwaikwayi manya, su yi wa mai rowa da gwauro ba'a ba tare da an yi fushi ba. Mu lura, kayan tashen nan duka yaran ne suke ƙera abinsu, kuma su suke tsara wasan.

Tun da wuri masana suka gane darajar waɗannan abubuwa. Wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyin Hausa ya buga su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, waɗanda da yawanmu muka karanta a firamare. Wato abin da muka ji a bakin kaka, sai ga shi mun tarar da shi a aji.

Yadda zaren ya tsinke

Ba rana ɗaya wannan tsari ya raunana ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawan Ingila sun sa ran jirgin zai kwashe musu auduga zuwa masaƙunsu, amma masaƙan gida sun fi su sayen ta da daraja, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ne ya dawo da akoko da atamfa masu sauƙin kuɗi. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya a Kano. A hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna a littafin da ta buga a 1977 cewa manoman karkarar Kano sun fi yawan hanyoyin samu a 1900 fiye da a 1970, kuma durƙushewar sana'o'in hannu da fatauci na cikin dalilan.

An ga muhimmancin wannan a lokacin farin 1972 zuwa 1974, da kuma cutar da ta halaka gyaɗa a 1975. Gidan da yake da sana'a a hannu ya sami abin sayen hatsi. Wanda ba shi da ita sai sayar da akuya, ko jinginar da gona, ko tafiya cin rani da ƙarfin ƙirji kawai.

Ita ma makarantar boko ba ta rasa nata laifin ba. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i. Amma da tafiya ta yi tafiya sai takardar shaida ta zama ita ce komai, aikin hannu ya koma abin da ake ba wanda ake ganin ba shi da ƙoƙari. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kawo dubban yara aji, wanda alheri ne babba, sai dai bai tanadi gurbin abin da suke koyo a zaure ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da niyyar gyara, aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin masu koyarwa. A wannan shekara ta 1982 gidan talabijin na Jihar Kano ya fara aiki, dandali ya sami kishiya. Leda da roba suka kori faifai da tulu da tabarmar kaba. Daga 2001 wayar hannu ta shigo, har ta kai yau yaro yana iya wuni yatsansa na motsi ba tare da ya ƙera komai ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba nufin wannan rubutu ba ne a ce da ta fi yanzu a kowane fanni. Daminar da muke yabo ita ce ta zazzaɓin cizon sauro da kurkunu da ƙaya a ƙafa, kuma babu mai hankalin da zai so jikansa ya koma wannan. Amma akwai abu guda da muka samu a arha wanda 'ya'yanmu da jikokinmu suke neman rasawa, wato sanin cewa mutum yana iya ɗaukar abin da ke gabansa, kara ne ko laka ko kaba, ya mayar da shi abin amfani da hannunsa. Yaron da ya san haka ba ya zama jiran a ba shi, ko da takardar shaidarsa ta daɗe a cikin akwati.

Kuma zaren bai gama tsinkewa ba. Har yanzu akwai masaƙa a Minjibir, akwai marina a Ƙofar Mata, kuma hular hannu ta fi ta inji daraja a kasuwa. A kowane ƙauye akwai tsoho ko tsohuwa da suka iya tufka ko kaɗi ko saƙar faifai, amma yawancinsu ba su da magaji, kuma ba ƙara yarinta suke yi ba. Yawancinmu mun zama 'yan birni, in an ba da dogon hutu sai mu tura yara darasin hutu, su bar aji su koma wani aji. Shawarar da zan bayar ita ce, ko mako biyu ne a kai su gida. A bar su su riƙe fartanya, su zauna a zaure ranar marka, su ɓata hannu da laka, su ci tumu a gindin wuta. In akwai mai sana'a a dangi, a haɗa su da shi, a kuma biya shi ladan koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan iyaye da malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.